Wasannin Kwaikwayo Namu Na Talabijin

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan shafi namu na Hausa, in faɗi ra'ayina a kan wani abu wanda mu da mu ke koyon aikin malanta muka saba ɗauka kamar ba shi da wani amfani. Abin nan kuwa shi ne wasannin kwaikwayo da finafinai waɗanda 'yan ƙasarmu su ke shiryawa da kansu, a nuna su a akwatin talabijin. Ni dai a ganina wasannin nan suna cikin manyan abubuwan da Nijeriya ta ƙera da hannunta tun daga samun mulkin kai, sun kuwa isa a girmama su kamar yadda a ke girmama littattafai, a adana su, a kuma shigo da su cikin aji. Na sani akwai waɗanda za su karanta wannan su yi murmushi, su ce yaron nan ya rasa abin rubutawa. To, su yi haƙuri su bi ni har ƙarshe, sa'an nan su yanke hukunci.

Kowa ya san yadda a ke yi a ɗakin hutawar ɗalibai da maraice. In an sa fim ɗin Amurka, ko na Indiya, ko ƙwallon Ingila, sai ka ji ɗaki ya yi tsit, kowa ya ƙura ido. Amma da zarar an juya aka faɗa kan wasan gida, sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce a canja, wai wannan na mata ne da yara da mutanen ƙauye. Abin mamaki, mai faɗin haka in ya tafi hutu, shi ne za ka tarar a tsakar gida tare da uwarsa da ƙannensa, ya baje bisa tabarma yana ta ƙyalƙyala dariya a kan wasan nan da ya kushe a kwaleji. Ashe kunya ce kawai ta ke damunsa, kada abokai su ce bai waye ba. Wannan kunya ita na ke so mu bincika, mu ga ko tana da tushe.

Bari mu fara da tarihi kaɗan, gama da yawa cikinmu ba su san tsufan abin ba. Kafin talabijin, majigi kakanninmu suka sani. Motar gwamnati ta kan shigo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a filin kasuwa ko a ƙofar fada, in dare ya yi a nuna wa jama'a yadda a ke noman auduga ko yadda a ke tsabtace rijiya, wani mutum kuwa yana tsaye da lasifika yana fassarawa. Cikin irin finafinan nan ne aka yi Baban Larai, wanda tsofaffi a Arewa su kan ambata har yanzu. Sa'an nan ran 31 ga Oktoba, 1959, Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe tashar talabijin a Ibadan. Ita ce ta farko a ƙasar nan, tun ba mu sami mulkin kai ba. Jihar Gabas ta bi baya ta buɗe tata a Inugu cikin 1960, Jihar Arewa ta buɗe a Kaduna cikin 1962, Gwamnatin Tarayya kuma ta buɗe tata a Ikko a wannan shekara. Tashar Jos, ta tsohuwar Jihar Binuwai da Filato, ita ta riga kowa nuna hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970. Cikin 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin duka ƙarƙashin hukuma guda, watau NTA.

Abin da ya kamata mu malamai mu lura da shi, tun ran farko an kawo akwatin nan ne da niyyar ya zama malami. Gwamnatin Yamma, wadda ta riga ta fara ba da ilmin firamare kyauta cikin 1955, ta ɗauki talabijin abokin aikin makaranta, har aka ware lokaci domin darussan 'yan makaranta. To, amma ina darussan nan yanzu? Malamin da ya tsaya gaban kyamara da allo da alli, an manta da shi da abin da ya koyar. Darussan da suka zauna a zukatan mutane su ne waɗanda aka koyar ta hanyar wasa. Wannan ya kamata ya tsaya wa kowane ɗalibin hanyar koyarwa a rai, domin kullum a aji ana gaya mana gani ya kori ji, mu rubuta a littafi, mu ci jarrabawa da shi, sa'an nan mu fita mu raina waɗanda suka aikata shi a gaban ƙasa duka.

A farkon zamanin, yawancin abin da a ke nunawa daga Ingila da Amurka a ke sayo shi, finafinan kaboyi da makamantansu, sabo da sun fi araha. Shirya na gida wahala ce ƙwarai. Kai tsaye a ke watsa wasa, in ɗan wasa ya manta maganarsa, ko ƙofa ta ƙi buɗuwa, duk gari ya gani, babu damar sakewa. Duk da haka cikin 1960 tashar Ibadan ta nuna wani wasa mai suna My Father's Burden, wanda Wole Soyinka ya rubuta, Segun Olusola ya shirya. Soyinkan nan kuwa shi ne ya karɓi kyautar Nobel ta adabi cikin 1986. Wanda ya ce wasan talabijin aikin marasa ilmi ne, sai ya fara amsa mana wannan. Bayan haka ƙungiyoyin wasa na Yarabawa, irin ta Duro Ladipo da ta Moses Olaiya wanda aka fi sani da Baba Sala, waɗanda su kan bi gari gari cikin mota da kayan wasansu, su ma suka sami shiga, mutanen da ba su taɓa zuwa ɗakin taro ba suka gan su.

Wasan da na fi so mu daɗe a kansa, mu da za mu zama malamai, shi ne The Village Headmaster, watau Hedimastan Ƙauye, wanda Segun Olusolan nan ya ƙago. An fara nuna shi a talabijin cikin 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi ta yinsa har 1988. Labarin wani ƙauye ne da a ke kira Oja. Akwai Sarki da fadawansa, akwai mai kanti, akwai mai ɗinki, akwai mai sayar da bammi, ga kuma malaman makaranta da rigingimunsu. Mutanen ƙauyen ba kabila ɗaya ba ne, da gangan aka tara su daga sassan ƙasa dabam dabam, kowa da irin lafazinsa da irin halinsa, suna faɗa suna shiryawa. A lokacin da 'yan ƙasa su ke harbin juna a fagen fama, ga akwati yana nuna su zaune a gari ɗaya suna gardama a kan kuɗin makaranta da auren 'ya'ya. A tsakiyarsu duka kuwa wa aka sa? Hedimasta. Mutum uku suka riƙe kujerar nan bi da bi, Ted Mukoro, da Femi Robinson, da Justus Esiri.

Ku duba wannan da kyau, 'yan'uwana. Mai shirya wasan yana da iko ya sa likita a tsakiya, ko alƙali, ko ɗan kasuwa, amma ya zaɓi malamin makaranta. Shi ne a ke kira in takarda ta zo daga gwamnati, shi ne ya ke tsayawa tsakanin fada da sabon zamani, shi ne Sarki ya kan nemi shawararsa ko da ba ya son abin da zai ji. Shekara ashirin ana nuna wa ƙasa cewa malami mutum ne mai daraja, wanda gari ba ya tafiya daidai sai da shi. A yau, da a ke yi wa malami kallon wanda ya nemi wani aiki ya rasa, har waɗansu cikinmu su kan ɓoye sunan kwalejinsu in sun haɗu da 'yan jami'a, ina ganin babu wasan da ya fi cancanta a nuna wa sababbin ɗalibai a makonsu na farko kamar wannan. Wasan ya bar mana ko da kalma guda a baki. In mutum ya cika gulma da kai-kawo da magana, a kusan ko'ina cikin ƙasar nan sai ka ji an ce masa Amebo. Yara da yawa masu faɗar kalmar ba su san sunan wata mace ba ne cikin wasan, wadda Ibidun Allison ta fito a matsayinta. Littattafai nawa ne cikin waɗanda mu ke karantawa domin jarrabawa suka sa kalma a bakin mai sayar da tumatir?

Bayan yaƙi ya ƙare, a Gabas James Iroha ya ƙago wasan Masquerade, domin mutanen da suka sha wuya su sami abin da zai sa su dariya. Daga nan Cif Zebrudaya ya fito, watau Chika Okpala, da Turancinsa da ya kan karya ya ɗora yadda ya ga dama. Mu da aka yi wa bulala a makarantar mishan sabo da kuskuren nahawun Ingilishi, mun san daɗin ganin mutum yana taka dokokin nan ɗaya ɗaya da ƙarfin hali, ƙasa duka tana tafa masa.

Cikin 1980, lokacin da Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ke kiran jama'a su koma gona, aka fara Cock Crow at Dawn. Peter Igho ya shirya shi, bankin UBA ya ɗauki nauyi, aka ɗauki hotonsa a gonaki da duwatsun kewayen Jos. Labarin wani mutum ne mai suna Bello, wanda zaman birni ya ƙi shi, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye ya kama noma irin na zamani, ya kuwa tarar da wani dattijo mai suna Gaga wanda bai yi murna da zuwansa ba. Kasimu Yero ne ya fito Gaga, Sadiq Daba ya fito Bitrus ɗan Bello, waƙar buɗe wasan kuwa ta Bongos Ikwue ce, mutumin Otukpo. Gwamnati da banki abin da su ke so a ji shi ne maganar taki da tarakta da rance. Da an tsayar da malamin gona ya yi ta bayani rabin sa'a, da kowa ya tashi ya tafi neman tuwo. Amma da aka saka maganar cikin rigimar gida, da kishin dangi, da taurin kan yaro, sai mutane suka zauna, suka ji ta taki ba su sani ba. Har yanzu in aka ambaci wasan gaban iyayenmu, sai ka ga fuskarsu ta canja, wani ma ya kama rera waƙar. Akwai kuma wani ɗan abu da na ke so ku lura da shi. Uba Bello, ɗa Bitrus, gida ɗaya. A garuruwanmu da yawa wannan ba baƙon abu ba ne, mun san gidajen da a ke yin Salla a yi Kirsimati a tukunya ɗaya. Fim ɗin waje ba zai taɓa nuna mana irin gidan nan ba, domin masu yinsa ba su san akwai shi ba.

Yanzu bari in zo kan na Hausa, tun da ya ke a shafin Hausa mu ke. Babu wanda zai yi maganarsu bai fara da Samanja Mazan Fama ba. Usman Baba Pategi, wanda ya ke fitowa Samanja, soja ne na gaske, ya yi yaƙin basasa, sa'an nan ya kawo zaman bariki cikin wasa, aka ji shi a rediyo a Kaduna, aka kuma gan shi a talabijin. A zamanin da soja su ke mulki, ganin kaki ya kan sa gaban talaka ya faɗi, ga wani mai igiya yana ta tsawa da zare ido, amma a gida matsalolinsa irin na kowa ne, har yara suna yi masa dariya. Wannan ba ƙaramin magani ba ne. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne harshensa. Samanja Banufe ne, daga gidan sarautar Pategi ta Jihar Kwara. Hausar da ya ke yi cikin wasa Hausar bariki ce, gauraye da Turancin soja, irin wadda a ke ji a kasuwa da tashar mota a wuraren da ba ƙasar Hausa ba. Da yawa cikinmu a kwalejin nan Hausa ba ita muka sha a nono ba. Mun koye ta a kasuwa, ko a makaranta, ko wurin maƙwabta, kuma babu wanda ba a taɓa yi masa dariya ba don ya ce wa mace "ya zo". To, ga mutum irinmu, Kano da Sakkwato da Katsina duka suna jiran ranar wasansa. Ya nuna Hausa riga ce mai faɗi, kowa ya sa ta za ta ɗauke shi. A Jos kuma ga Karkuzu, a Kaduna ga Kasimu Yero da wasansa na Karambana, kowa da irin gishirin bakinsa.

Talabijin ya kuma yi wa littattafanmu hidimar da mu malamai ba mu iya yi musu ba. Cikin 1987 NTA ta mai da littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, ya zama wasa, Pete Edochie ya fito Okonkwo, har yau kuwa mutane da yawa in an ambaci Okonkwo fuskarsa su ke gani. A ƙarshen shekarun 1980 tashar Kaduna ta yi haka da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba ta san labarin da jikanta ya ke karantawa a makaranta, har su zauna su yi gardama a kai.

Daga nan sai abubuwa suka fara lalacewa. Bayan an shigo da tsarin tsuke bakin aljihu cikin 1986, kuɗi suka yi wa tashoshin gwamnati wuya, aka koma sayen wasannin Meziko masu araha ana cika lokaci da su. Masu shirya wasa da 'yan wasa da yawa suka rasa wurin aiki, sai suka juya ga kaset na bidiyo. A Kano ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya cikin 1990, a Ikko aka fito da Living in Bondage cikin 1992. Sana'ar finafinan nan da duniya ta san Nijeriya da ita yanzu, wadda a ke kira Nollywood da Kannywood, a gidan talabijin aka yaye da yawa cikin mutanenta na farko. Abin daɗi kuma, wasa mai dogon zango ya sake dawowa gida. An buɗe tashar Arewa24 cikin 2014, ta kawo Daɗin Kowa, labarin wani gari mai almajirai da 'yan shaye-shaye da waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu, Musulmi da Kirista suna maƙwabtaka. Ta kawo Kwana Casa'in, wanda ya shiga maganar zaɓe da asibiti da 'yan jarida ba tsoro. Aminu Saira ya yi Labarina, waɗansu kuma suna sa nasu a YouTube, mutane suna kallo a wayar hannu har a Nijar da Ghana da Sudan. Duk wanda ya san Oja, in ya ga garin Daɗin Kowa zai gane jikansa ne.

To, na san abin da masu suka za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce hoton waɗansu wasannin ba shi da kyau, murya tana tafiya tana dawowa. Za su ce labarin da ya isa a gama cikin wata uku, sai a ja shi shekara uku domin talla. Za su ce an cika nuna manyan gidaje da motoci, kamar babu talaka a ƙasar, waɗansu kuma rawa da waƙarsu kwaikwayon Indiya ne tsantsa. Duk wannan akwai gaskiya a ciki. Ni ma zan ƙara musu da ɗaya wanda ya fi waɗannan ɓata mini rai, watau yadda a kan daskarar da kowace kabila a hali guda. A wasannin Kudu da yawa Bahaushe mai gadi ne kullum, a bakin ƙofa da rediyonsa, ba ya gane magana sai an maimaita. A namu na Arewa kuma in an sa mutumin Kudu, sau da yawa don a yi wa Hausarsa dariya ne. Yaron da ya tashi yana ganin haka zai ɗauka gaskiya ne. Amma wa zai gyara wannan in masu ilmi sun juya baya? Wanda ba ya kallo ba shi da bakin faɗa. Mun koyi yadda a ke feɗe wasan Shakespeare, mu faɗi inda ya yi kyau da inda ya yi rauni, mu rubuta shafi biyar a kan halin mutum ɗaya. Wannan ilmi da mun juya shi kan namu, mu rubuta sharhi a jaridu da mujallu irin wannan, da masu shirya wasa sun san akwai idon da ya ke dubansu.

Ban ce a hana finafinan waje ba. Ni ma ina kallonsu, akwai abin koyo a ciki. Abin da ya ke ba ni tsoro shi ne su zama su kaɗai ne yaro ya sani, balle yanzu da a ke juya na Indiya zuwa Hausa, har ƙaramin yaro ya ɗauka mutanen nan 'yan unguwarsu ne. Lokacin da muka fita koyarwar gwaji, na sa 'yan aji biyar kowa ya rubuta ɗan labari daga kansa. Da na zauna dubawa, sai na tarar da yawa sun ba mutanen labarinsu sunayen da babu mai irinsu a garin, ga jirgin ƙasa, ga gidan bene, ga 'yan sanda suna bin ɓarawo da jirgin sama. Garin kuwa yana da kogi, da kasuwar doya, da tsohon maƙeri wanda kowa ya san shi, amma babu wanda ya ga waɗannan sun isa shiga labari. Yaran nan ba su da laifi. Sun ɗauka labari abu ne da ya ke faruwa ga waɗansu mutane a wata ƙasa. Mako na biye na nuna musu minti goma na wani wasan gida a wayata, suka taru kamar za su hau kaina, sa'an nan na ce kowa ya faɗi abin da zai faru gaba. Har aka buga ƙararrawa ba su gama gardama ba, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce ai matar nan halinta ɗaya da kishiyar gwaggonta.

Akwai wani al'amari kuma wanda ba ya jiran gardamarmu, shi ne ɓacewar wasannin da kansu. Na farkon da aka watsa kai tsaye, sun tafi tare da daren da aka yi su. Waɗanda aka ɗauka a kaset kuwa, kaset yana da tsada a lokacin, sau da yawa a kan goge tsohon wasa a ɗauki sabon shiri a kansa. Waɗanda suka tsira daga wannan, zafi da ƙura da laima suna cinsu, injunan da a ke kunna su da su ma an daina ƙerawa. Abin da mu matasa mu ke samu a intanet na tsofaffin wasannin nan guntaye ne, hoto ya dushe, murya ta shaƙe. Ku tuna da labarin Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi cikin 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Balewa. Shekaru da yawa ana tsammanin ya ɓace, sai cikin 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon Jamusawa, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin cikin 2018. Wannan ya yi sa'a, ga shi kuwa littafin Firayim Minista ne. Ina ga wasan da aka yi a ƙaramar tasha da 'yan wasan da ba su da kowa?

Mutanen da suka yi aikin su ma suna tafiya. James Iroha da Segun Olusola sun rasu cikin 2012, Justus Esiri cikin 2013, Kasimu Yero cikin 2017, Sadiq Daba cikin 2021, Samanja cikin 2023. Allah ya ji ƙansu. Sadiq Daba, wanda ƙasa duka ta sani da Bitrus, sai da jama'a suka yi masa karo-karo kafin ya sami kuɗin magani a ƙarshen ransa. Kowannensu ya tafi da abin da ya sani na yadda aka yi wasannin nan. A Jos akwai Kwalejin Talabijin ta NTA, akwai kuma makarantar koyon aikin fim, suna yaye sababbin hannu, wannan abin godiya ne. Amma da tsohuwar zuma a ke magani, sabon hannu yana bukatar ya ga abin da na da suka yi.

Gyaran ma'ajiyar ƙasa aikin gwamnati ne, mu ɗalibai sai dai mu yi ta tuni. Akwai dai abin da ya ke hannunmu a nan cikin kwaleji. Ɗakin karatunmu yana da kanta guda cike da wasannin Ingila, ba na kuwa so a cire ko ɗaya, amma ina roƙon hukumar kwaleji ta nemi izini wurin tashoshi da masu wasannin, a samo abin da ya samu na gida, a ajiye inda ɗalibi zai zauna ya kalla kamar yadda ya ke ɗaukar littafi. Malamanmu na Hausa da na Ingilishi da na zaman jama'a, ina roƙonsu su yarda ɗalibi ya rubuta aikinsa na ƙarshe a kan Samanja ko Daɗin Kowa, kada a ce masa wannan ba batun ilmi ba ne. A darasin hanyar koyarwa kuma a koya mana yadda za a yi amfani da guntun wasa cikin aji, yadda za a tsai da shi a tsakiya a yi tambaya, yadda yara za su sake yinsa da harshen garinsu, ko Tibi ne ko Nufanci ko Birom, domin makarantun da za a tura mu yawancinsu ba wuta, amma waya ɗaya da ɗan faifan hasken rana sun isa.

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo kuma, ina ba ta shawara ta ware dare ɗaya a zango mai zuwa domin wasannin gida, a gayyaci malamai da ma'aikata da iyalansu, musamman tsofaffin da suka ga wasannin nan a lokacinsu, su gaya mana yadda unguwa guda ta kan taru a gidan mutum ɗaya mai akwati, yara a ƙasa, manya a kujera, waɗansu ta taga. A sa wani ya rubuta abin da suka faɗa. Hutu kuma ya matso. Duk wanda ya je gida, ya duba cikin tsohuwar adaka da ƙarƙashin gado, ya tambayi kawunsa da ya taɓa yin akwatin bidiyo. In ya sami tsohon kaset na wasan gida, kada ya gwada kunna shi, gama zaren ya kan tsinke. Ya naɗe shi cikin tsumma mai tsabta, ya rubuta sunan wasan da na mai kaset ɗin a takarda, ya kawo wa sakataren ƙungiya in an dawo, mu kuwa za mu nemi mai injin da zai juya shi zuwa kwamfuta, mu mayar wa mai shi da abinsa.